Hatimin da ke Ƙarƙashin Tsatsa

Shekara arba'in tana ƙarƙashin angarib,
naɗe cikin tsohon bargo da igiyar kaba.
Duk wanda aka haifa a gidanmu na Mai Wurno
ya san labarinta tun bai yi wayo ba:
wai ta yi magana a Burmi,
wai Gwadabe ya saɓo ta a kafaɗa
tun daga yamma, ƙafa da ƙafa,
har ya wanke faso a Shuɗin Nilu.

Ran da damina ta kayar da ɗakin
na ɗauke ta, na hau mota zuwa Sinnar.

Usta Abdulbaƙi bai nemi jin tarihi ba.
Ya ture finjalin jabana gefe,
ya danna wani ɗan ƙarfe, ƙwas,
bindiga ta rabu uku kamar rake.
Ya kifa bakin nan biyu a cinya,
ya goge da tsumman kananzir,
ya murza alli a kan tsatsa,
ya hure.

Sai rubutu ya taso
kamar haƙarƙarin saniya a bazara.

"Ka ga mikiya? Ka ga kambi da harafi ƙarƙashinsa?
Shaidar masu gwaji ke nan.
Sun ɗura mata albarushi fiye da ƙima,
ba ta fashe ba, suka buga mata hatimi.
Jamus ce. Wani gari cikin duwatsu, Zul,
inda yaro ke tashi da zarto a hannu."

Na ce, maƙerin fa?
Ya kai tabarau kan doron ƙarfe,
daidai inda gumin tafi ya cinye.
Harafi biyu suka rage, da ƙafar na uku,
sai wata kalma, ya ce ma'anarta "da ɗansa".
"Wane da ɗansa. Irinsu sun yi yawa a garin.
In na kama suna, ƙarya zan sayar maka."

Sannan ya sa farce kan lamba uku:
biyar, biyu, bakwai.
"Wata na biyar, shekara ta ashirin da bakwai."
Na ƙirga da yatsu cikin aljihu.
Burmi ta girme ta da ashirin da huɗu.
Na sake ƙirgawa. Ba ta canza ba.

"Kuma ba ta yaƙi ba ce," in ji shi,
ya ɗaga bakin, rana ta ratsa ta ciki,
"dubi, sumul. Ta tsuntsu ce.
Zabo, dinya, kurciya in an matsu."

A mota na rungume ta kamar mara lafiya.
Gonakin auduga suna wucewa,
ni kuwa ina neman wanda zan yi wa fushi.
Wataƙila wurin wani Bagirke mai kanti ya saya,
wataƙila ladan dakon dutse ne a madatsar ruwa.
Wa ya fara ɗora mata Burmi?
Shi, ko mu da muke son kaka mai jini a riga?

Sai Iya Tasalla ta faɗo mini a rai,
tana tsince dawa, ba ta ko ɗaga kai:
"Shekarar da rumbu ya yi ƙaiƙayi,
kakanku kan fita kafin kiran assalatu,
ya dawo da zabi biyu, wani lokaci ɗaya.
Gida bakwai ke shan romon."
Ba wanda ya taɓa cewa ta maimaita.

Yau tana rataye a zaure, allin bai goge ba.
Jiya ɗana ya ce, Baba, mutum nawa ta kashe?
Na ce zo ka riƙe, ka ji nauyi.
Na nuna masa rabin sunan,
wani mutum da ɗansa, cikin sanyin da ba mu sani ba,
suna goge ƙarfe saboda miyar gida bakwai.

Ya ce, to Burmi fa?
Na ce, da ƙafa ya zo. Wannan ba a gardama.